Sunan 'Yar Fari

Waɗanda suka cika min akwatin saƙo da tambayar ko na amince da Hayatudeen, ku yi haƙuri ku gyara zama. Za mu zo kansa. Ba inda zai je, mutum ne da ko babu mota ɗaya a kan titi sai ya jira danja ta ba shi hannu. Yau labarin wata yarinya zan ba ku, sai a ƙarshe shi ma ya samu wurin zama.

Ga sababbin shigowa, sunana Sadiyya. Shekarata ashirin da shida, ina zaune a gidan iyayena a garin Beltsville, nan ƙasar Turawa, ina aiki a wani kantin magani. Ni ce 'yar fari a wurin Umma da Abba. Ku riƙe wannan a hannu, za a neme shi a gaba.

Hayatudeen ɗan aminin Abba ne, injiniya, gidansu yana Fort Washington. Duk Asabar yake zuwa. Yakan shigo da kwalin dabino a hannu, ya durƙusa ya gaishe da Umma har ƙasa, ya zauna a kujerar da ya zauna wancan satin, sannan ya ba ni labarin hanyar da ya biyo da wadda ya ƙi bi saboda cunkoso. Ba ya shan taba, ba ya wasa da sallah, farar shaddarsa ko ƙuda ba ya sauka a kai. Ba shi da aibu, kuma wannan ce matsalata, don ba ni da abin da zan kai ƙara. Da na taɓa ce wa Umma hirarsa tana sa ni barci, sai ta ce ai barci rahama ne, ta ƙara da tambayata ko miji nake nema ko mai wasan barkwanci.

A bara ne na ga wata sanarwa a jikin allon laburaren Wheaton. Ana neman 'yan sa-kai da za su riƙa ɗebe wa yaran da ke hannun hukuma kewa, su fita da su, su taya su karatu, su zama musu kamar yayye. Aka ce ranar Asabar ake yi. Da idona ya sauka a kan Asabar, ban ƙarasa karanta sauran ba na ɗauki lambar.

Riƙon nan ba irin namu na gida ba ne, inda goggo za ta zo biki ta koma da 'yar ƙanenta ba wanda ya rubuta komai. A ƙasar nan in hukuma ta ga kamar ba a kula da yaro, sai ta ɗauke shi daga hannun iyayensa ta kai shi gidan wasu da ta tantance, kuma ba ya komawa sai alƙali ya ce ya koma. An ba mu horo, an ɗauki hoton yatsunmu kamar waɗanda suka yi sata, an kafa mana dokoki. Ba a kai yaro gida, ba a yi masa alkawari, ba a ba da labarinsa da sunansa. Don haka sunayen da za ku ji daga nan duk na sauya su. Da na yi wa Umma bayani, ta saurara har ƙarshe, ta ce wato dai na zama yayar aro. Sunan ya bi ni har yau.

Yarinyar da aka haɗa ni da ita zan kira ta Wahida. Shekararta tara, siririya, mai tabarau, tana da wata rigar sanyi ruwan hoda da ba ta cirewa ko a cikin ɗaki. Ita da ƙanwarta Raheema mai shekara huɗu suna gidan wata dattijuwa, Misis Martins, a can Wheaton. Mahaifiyarsu Mairo 'yar Maraɗi ce. Mijinta ya rasu, tana kitso a wani shago da rana, da yamma kuma tana sharar ofisoshi. Wata rana ta bar su a gida ta tafi aiki, maƙwabciya ta ji kukan ƙaramar ta kira 'yan sanda. A wurinmu yarinya mai shekara tara ta riƙe ƙanwarta ba labari ba ne, har tuwo ma za ta tuƙa. A nan kuwa magana ce ta kotu.

Wahida tana jin Hausa tsaf, amma da Turanci take amsawa, kamar yawancin yaran da aka haifa a nan. Ba ta da yawan dariya. In mun je laburare littafin dabbobi take ɗauka, in mun je shan askirim sai ta tambayi mai shagon ko ya wanke hannunsa. Tambayoyinta irin na alƙalai ne. Ta taɓa tambayata ko biyana ake yi nake zuwa. Na ce a'a. Ta ce to me ya sa nake zuwa. Na ce saboda wani mutum mai kwalin dabino. Ta gyaɗa kai kamar ta san irinsu.

Wata Asabar muna zaune a wurin lilo, na kira ta, sai ta amsa min da irin amsar yaran nan da ke sa babba ya ji kamar an watsa masa ruwa. Na ce mata in babba ya kira ki da Hausa, na'am ake cewa. Na sa ta maimaita. Ta maimaita, harshenta ya kama daidai, sannan ta ce ba ta ga ranar da zai yi mata amfani ba, tunda ba mai kiranta da Hausa. Na ce mamanki fa.

"Mama ba ta kiran sunana," in ji ta. "Na Raheema take kira."

Dariya na yi. Na yi kuskure, don ita ba ta yi ba. Tana kallon takalminta ta ci gaba da magana, murya ba hawa ba sauka. Ta ce Mama Raheema take so. Raheema take ɗauka, ita take yi wa waƙa, ita take kira. Ita kuwa sai dai ke, ko yarinyar nan. Ta ce Misis Martins ba ta bari a ci abinci a falo, miyarta kuma ba gishiri, amma kullum da safe sai ta kira sunanta. Saboda haka in alƙali ya tambaye ta, za ta ce a mayar da Raheema, ita a bar ta inda take.

Na san wannan maganar. Ni ma na taɓa yin ta a cikin raina ina da shekarunta. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Umma ba. Ke nake, ko yarinyar nan, in kuma a gaban baƙi ne, yayar su Kamal. Ranar da na gama jami'a, ta rungume ƙanena Kamal da bai gama komai ba, ni kuma ta ce ɗankwalina ya karkace. Bambancina da Wahida ɗaya ne. Ni ina da goggonni. Wata shekara da muka je Kano hutu, Goggo Sailuba ta zaunar da ni ta ce kunyar ɗan fari ce, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane, kuma yawanci shi ne ya fi zama mata a rai. Na karɓa, ko da yake ban daina jin zafinsa gaba ɗaya ba. Wahida ba ta da goggo ko ɗaya a ƙasar nan.

Na yi mata bayanin Goggo Sailuba kalma ba ragi. Ta saurara, ta gyara tabarau, ta ce to me ya sa al'adar ta tsallake Raheema. Na ce haka take. Ta ce al'adar da ba ta kiran sunan mutum ba ta da kirki. Sai na tambaye ta ko tana son ƙarin askirim.

Ba a jima ba jami'ar da ke kula da zancensu ta kira ni. Misis Bartholomew ke nan, doguwar mace mai furfura a gaban goshi, kullum da alamar gajiya a idonta, kullum da kofin shayi a hannu. Ta ce tafintan da suke samu Faransanci yake yi, Mairo kuma Faransancinta bai wuce na cinikin kasuwa ba. Ko zan zauna a ziyarar da ake haɗa uwar da 'ya'yanta in riƙa fassara? Ba aikin yayar aro ba ne, amma shugabanninmu sun yarda. Na je.

Ɗakin ziyarar ƙarami ne, da kujeru masu launin ganye, da kwandon kayan wasa, da hoton raƙumin dawa a bango. Mairo ta shigo da atamfa da wata ƙatuwar kwat ta maza a kai, jaka a kowane hannu. Ba ta wuce shekara talatin ba, amma hannayenta sun girme ta. Raheema ta ruga da gudu. Mairo ta sure ta, ta juya da ita, tana kiran sunanta tana yi mata kirari. Wahida tana tsaye a gefe, hannu cikin aljihun rigar sanyi. Mairo ta kalli raƙumin dawan da ke bango ta ce, "Ke, kin wuni lahiya?" Wahida ta ce lafiya, da Turanci. Misis Bartholomew ta sunkuya ta yi rubutu.

Ni kuwa abin da na gani daban. Da Mairo ta buɗe kwanon dambu, ta raba biyu, ta miƙa wa Raheema ɗaya ta ce ta kai wa yayarta. Duk tsokar naman a wannan take. Da Wahida ta juya baya tana ci, idon Mairo bai bar ƙeyarta ba, tana bin kitson da Misis Martins ta yi ƙoƙarin yi, layi ya hau layi. Yatsunta har motsi suke a kan cinyarta. Da zarar yarinyar ta waiwayo, sai ido ya koma kan raƙumin dawa.

Bayan an tashi, Misis Bartholomew ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce Mairo ta cika duk sharuɗɗan da aka gindaya mata, ta bar aikin yamma, ta samu maƙwabciyar da za ta riƙa taya ta. Amma watanni ke nan tana kallo, ba ta taɓa ganin matar nan ta taɓa babbar 'yarta ba, ko ta kira sunanta. Shawarar da take shirin ba kotu ita ce a mayar da Raheema, a bar Wahida tukuna. Tukuna a bakin hukuma kan iya cin shekara. Ziyara ɗaya ta rage, Asabar mai zuwa, zaman kotu kuma Talatar da ke biye da ita.

Na zage na yi mata bayani, har da Goggo Sailuba, har da ɗankwalina da ya karkace. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ta yarda da ni, kuma za ta rubuta. Sannan ta kurɓi shayinta ta ce, "Amma ba ni ake buƙatar a gamsar ba. Alƙali zai tambayi Wahida, ita kuma ba ta yarda ba."

Asabar ɗin da ake magana ita ce kuma ranar da Hajiya Salimatu, mahaifiyar Hayatudeen, ta sa za ta zo gidanmu da ƙannenta mata, wai su gaisa da Umma. Kowa ya san ba Umma za a zo kallo ba. Tun Alhamis gidanmu ya koma kamar na biki. An sauya labule, an fito da tangaran da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba tun da aka zo da su daga Kano, Umma ta kunna turaren wuta har na'urar hayaƙi ta yi ta ihu, Abba ya hau kujera ya cire mata batir. An ɗinka min leshi ruwan zuma, da ɗankwalin da sai mutum biyu sun taru suke ɗaura shi.

Ranar Juma'a muna kicin ina yanka alayyafo, Umma tana jiƙa shinkafar waina, na ba ta labarin ba tare da suna ba. Ta ce Allah ya kyauta. Ta ce matar nan 'yar gidan mutunci ce, an yi mata tarbiyya, Turawa ne ba su san kunya ba. Na ce amma yarinyar za ta rasa uwarta a kan kunyar. Ta ce Allah ba zai bari ba. Na tattara ƙarfin halina na ce, Umma, ke me ya sa ba ki taɓa…

"Ke, miƙo min ludayi."

Na miƙa mata ludayin. Da na ce gobe zan je ziyarar in dawo kafin baƙi su iso, ta ce in na bari suka riga ni shigowa, in nemi wata uwar aro a can.

Haka na fita ranar Asabar da leshina da ɗankwalina, na ɗora kwat a kai, kamar amaryar da ta gudo. Mai gadin ginin ya tambaye ni ko bikin aure za a yi a ciki. Ina zama saƙon Hayatudeen ya shigo.

"Assalamu alaikum. Mun taso. Babbar hanya a cunkushe take, in za ki dawo ki bi ta cikin gari."

Motar haya ta yi wa Mairo latti. Kafin ta iso, lokacin da na yi wa Umma alkawarin dawowa ya kusa. Ta shigo tana haki, aka sake yin abin da aka yi wancan satin. Raheema a sama, kirari, raƙumin dawa, ke kin wuni lahiya. Wahida ko amsawa ba ta yi ba a wannan karon. Ta ja kujera can ƙurya, ta ɗauki fensir mai launi ta fara shafa wa wani zanen kifi. Wayata ta sake motsi.

"Mun iso. Mama tana tambayarki. Na ce mata wataƙila cunkoso ne."

Na roƙi Misis Bartholomew ta ba mu minti kaɗan. Na ja Mairo zuwa baranda, kusa da famfon shan ruwa, na faɗa mata komai ba ɓoye-ɓoye. Na ce ranar Talata za a ba ta Raheema a riƙe Wahida. Na ce ba hukuma ce kaɗai ta ga haka ba, yarinyar da kanta ta ce ba a sonta, kuma haka za ta faɗa wa alƙali. Abin da ake so kawai ta shiga ta kira sunanta.

Mairo ta dafa bango. Ta ce ɗiyar da ta yi kwana biyu tana naƙudarta, ɗiyar da saboda ita take tsayuwa a kan ƙafa tun safe har yatsunta su ƙage, ita ce za ta ce ba a sonta? Ta ce ita ta sani. Na ce wallahi ba ta sani ba, a nan aka haife ta, ni da nake 'yar fari kamarta na gaya mata amma ba ta yarda ba. Hawaye suka zubo mata, ta share da hannun kwat.

"Gaban mutane? Gaban baturiya?" in ji ta. "Ƙanwata, bakina ba ya iyawa. Uwata har ta mutu ba ta hwaɗi sunan yayanmu ba. In na buɗe baki, ji nike kamar na tuɓe zane a kasuwa."

A daidai nan wayata ta fara ruri. Umma ce. Na ɗauka, na ji ta tana magana ƙasa-ƙasa, ga ƙarar mai a tanda, na san a kicin ta ɓuya. Ta ce ina nake, mutane sun sha kunun aya sun sake sha, Hajiya Salimatu ta fara kallon agogo. Na ce Umma ga matar nan a gabana, ta ce ba za ta iya ba. Ta ce in ba ta matar. Na san dokar aikinmu ba ta yarda ba. Na buɗe muryar wayar yadda duk za mu ji, na riƙe ta a tsakaninmu.

Mairo har da ɗan rusunawa ta gaishe da wayar. Umma ta amsa a gurguje, ta shiga yi mata nasiha irin ta manya. Ta ce 'yar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce kunya ado ce, amma ba a ado a cikin gobara. Ta ce ƙasar nan ba tamu ba ce, abin da ba su ji da kunnensu ba, ba su san da shi ba, ta daure ta shiga ta kira 'yarta. Ni ina tsaye ina jin Umma tana wannan wa'azin, na ce a raina lallai laifi tudu ne.

Mairo ta saurara har ƙarshe, kanta a ƙasa. Sannan cikin ladabi ta ce, "Hajiya, ki yi mini gahwara. Wagga da ke tsaye nan, ta ce ita ce ta hwari gare ki. Ke kina iya kiran taki gaban mutane?"

Na ɗauka wayar ta katse. Sai na ji an ajiye cokali. Na ji takun silifas ɗin Umma a kan tayil ɗin kicin, sannan takun ya ɓace, alamar ta hau kafet ɗin falo. Muryoyin baƙi suka matso kusa, wata tana ba da labarin tsadar tikitin jirgi, sai duk suka yi tsit.

"Sadiyya."

Ban san haka sunana yake ba. Malaman makaranta sun kira shi sun karya, abokan aiki sun gutsure shi, Abba yana kira kullum, amma ban taɓa jin sa da wannan muryar ba. Muryar tana rawa, kuma da ƙarfi ta faɗa, yadda duk wanda ke falon zai ji. Na tsaya da waya a hannu. Ni da nake koya wa 'yar mutane yadda ake amsawa, na nemi kalmar na rasa.

"Sadiyya, kina jina?"

Mairo ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce in amsa mana, ana kirana. Na ce na'am, Umma.

"To. Ki ce ta je ta yi nata. Waina tana hucewa."

Ta kashe wayar. Na jingina da famfon shan ruwa na yi kuka, kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi min ta gangaro har kan leshi. Mairo ba ta lallashe ni ba. Ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa tam, ta yi bisimilla, ta tura ƙofa.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Raheema ta zo ta rungume ƙafarta, ta ɗan ture ta gefe. Karo na farko da ta buɗe baki iska kawai ta fito. Misis Bartholomew ta ɗago kai. Mairo ta kalli raƙumin dawa, ta kalli ƙasa, ta faɗa wa ƙasan.

"Wahida."

Fensirin ya tsaya a kan kifin. Yarinyar ba ta ɗago ba. Mairo ta matsa gaba, a wannan karon ta dube ta sosai, ta sake kira. Wahida ta ɗago ta kalle ni, kamar tana neman in tabbatar mata ba ni na shirya ba. Ni kuwa na mayar da idona kan raƙumin dawa, tunda ba mai amfani da shi a lokacin. Can na ji wata 'yar murya.

"Na'am."

In kuna jiran ku ji an rungumi juna an yi ta kuka, ba a yi ba. Mairo ta kira suna, an amsa, kuma ba ta tanadi abin da za ta ce bayan nan ba. Ta tsaya tana murza yatsu. Daga ƙarshe ta ce, "Wa ya yi miki wannan kitso?" Ba ta jira amsa ba ta zauna a kujera, ta ja yarinyar ta zaunar da ita a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta zaro tsinke daga jaka ta fara tsifa. Misis Bartholomew ta raɗa min me ta ce. Na ce kitson take zagi. Ta kalle su na ɗan lokaci, ta ajiye biron a kan gwiwa ba ta rubuta komai ba. Kafin a kai rabin kai, Wahida ta cire rigar sanyin nan, ta kwantar da kuncinta a cinyar uwarta, ta ce ana ja mata gashi. Mairo ta ce ta yi shiru ta gyara wuya.

Ban san abin da za ta faɗa wa alƙali ba. Ban tambaye ta ba, kuma ba hurumina ba ne. Da Misis Martins ta zo ɗaukarsu, Wahida ta tsaya a gabana da sabon kitsonta, layi a miƙe, ta ja ni ƙasa ta tambaye ni ko Mama za ta sake. An hana mu yi wa yara alkawari. Na ce mata ban sani ba, tawa sai da ta shekara ashirin da shida, kuma yau ta fara. Ta yi tunani, ta ce wannan ya yi yawa. Na ce ni ma haka na gani.

Sai bayan la'asar na isa gida. Motar su Hajiya Salimatu ba ta nan. Kamal ya tare ni a ƙofa ya ce bayan wayar nan Umma ta zauna ta yi wa baƙi bayani a taƙaice, Hajiya Salimatu ta ce ikon Allah, ta ce zamani, ta yafa mayafinta ba ta taɓa waina ba. Na cire takalmi na shiga ina tunanin yadda zan haɗa ido da Umma. Ta leƙo daga kicin, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, ke, sai yanzu, dubi fuskarki kamar an yi ruwa a kan allo. Ta koma ciki.

A falo na iske Hayatudeen shi kaɗai, a kujerarsa ta kullum, kwalin dabino a gabansa. Wayarsa tana ta haske a kan tebur, sunan Mama yana fitowa, bai ɗauka ba. Na zauna nesa, ina jiran in ji ta wace hanya suka biyo.

"Yarinyar ta amsa?" in ji shi.

Na ce ta amsa. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon wayar har ta gaji ta yi duhu. Sannan ya ce shi ma ɗan fari ne. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, duk Asabar ɗin nan da muka ɓata a kan hirar tituna. Ya gyara hularsa, ya ce ranar Talata da safe hanyar kotu takan cunkushe, shi ya san wata ta baya, in ba damuwa zai zo ya kai ni, ya jira a mota har mu ji abin da Wahida za ta ce.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ina nan zaune ina kallon kwalin dabino, sai muryar Umma ta taso daga kicin.

"Ke, ana miki magana."